Mark Fiore da katun ɗinsa na ba'a: ya tsira daga edita ne, ko ubangida ya sake?

Ɗan Tawada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya nake bin tarihin wani Ba'amurke mai zanen katun mai motsi, Mark Fiore, kuma wallahi mutumin ya hana ni barci. Ga wanda bai san shi ba, mazaunin San Francisco ne, ya karanta kimiyyar siyasa a Colorado College ya gama a 1991. Ya yi shekaru yana zana katun na siyasa irin na takarda, yana sayar wa jaridu ɗai-ɗai. Daga baya ya samu abin da kowane mai zane ke mafarki a wancan zamani, wato kujerar dindindin a jaridar San Jose Mercury News, da albashinsa. Bai daɗe ba suka rabu a 2001. Ya koma gida ya zauna gaban kwamfuta yana haɗa gajerun bidiyoyin ba'a da manhajar Flash, guda ɗaya duk mako, yana sayar wa shafukan labarai. A 2010 aka ba shi Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta Amurka, a kan ayyukansa da suka fito a SFGate, shafin jaridar San Francisco Chronicle. Shi ne na farko a fannin katun da ya ci ta da aikin da ba a taɓa buga shi a takarda ba.

Abin da na ɗauka daga labarin shi ne intanet ta 'yanta mai zane. Ba edita a kanka, ba mai cewa goge wannan hancin ya yi tsawo. Har na fara tunanin ajiye aikin ofis in rungumi wannan. Me kuka gani?

Ɗan Kallo: Wa alaikumus salam. Ajiye mana, mu dama kallo muka zo yi.

Tsohon Edita: Yaro, kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, koma ka karanta labarin tun daga tsakiya, don ka yi tsalle daga 2001 ka dira 2010. Fiore bai bar jarida ya faɗa hannun jama'a kai tsaye ba. Wa ke biyansa a waɗannan shekaru tara? SFGate, Mother Jones, Slate, CBS News, NPR da makamantansu. Kowanne a ciki da editansa. Abin da ya yi shi ne ya daina zama bawan edita ɗaya, ya zama ɗan kasuwa mai kai wa editoci da yawa kaya. In wannan ya ƙi saye, wancan ya saya. Wannan dabara ce, kuma na yaba mata, amma ba ita ce abin da kake kira 'yanci ba.

Ɗan Tawada: Baba, ai ko hakan ma ya fi. Shi da bakinsa yakan kwatanta ofishin da ya bari da ɗaki marar taga. Gara editoci goma da ba su riƙe da maƙogwaronka da ɗaya tal wanda in ya yi tari ka kwana da yunwa.

Tsohon Edita: Wannan kam ka faɗi gaskiya. To amma ka ji abin da Apple ya yi masa?

Ɗan Tawada: Na ga an ambata, ban bi ba.

Tsohon Edita: To gyara zama. A watan Disamba na 2009 ya haɗa wata 'yar manhaja ta iPhone mai suna NewsToons, ya tara katun ɗinsa a ciki, ya miƙa wa Apple. Suka mayar masa da ita, suka ce tana yi wa sanannun mutane ba'a, kuma hakan ya saɓa wa yarjejeniyarsu. Ka ji fa. An ce wa mai gishiri kayansa akwai gishiri. Mutumin ya yi shiru ya naɗe tabarmarsa, don ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Wata huɗu bayan haka, Afrilu 2010, aka sanar da Pulitzer. A cikin hirarrakin da aka yi da shi ne maganar ta fito, shafin Nieman Lab ya buga, duniya ta ɗauka. Ba a yi mako ba Apple ya neme shi ya sake turo manhajar. Har Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya amsa wa wani mutum saƙo yana cewa kuskure ne kuma ana gyarawa. Manhajar da aka kora jiya, yau ta shiga kasuwa, ba a canja ko layi ɗaya a zanen ba.

To tambayata gare ka: me ya canja? Zanen ko sunan mai zanen?

Sarkin Musu: Sunan mana. Kuma shi kansa Fiore ya faɗa a lokacin cewa yana jin nauyin abin, don ya san albarkacin lambar yabo aka buɗe masa ƙofa. Ka tambayi kanka masu zane nawa aka kora a wannan watan ba wanda ya ji labarinsu.

Barista: Akwai ma wani kafin shi. A Nuwamba 2009 an ƙi karɓar wata manhaja da Tom Richmond, mai zane a mujallar MAD, ya zana 'yan majalisar dokokin Amurka a ciki da manyan kawuna. Shi ma sai da aka yi surutu sannan aka janye. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gyaran da Apple ya yi bayan nan. A Satumba 2010 ya fitar da ƙa'idojin tantance manhajoji a fili, ya ce haramcin cin zarafin mutane bai shafi ƙwararrun masu ba'ar siyasa da barkwanci ba. Ku lura da kalmar, ƙwararru. Wa ke ba da takardar shaidar ƙwarewa a ba'a? Ɗan Tawada, in kai ka tura taka gobe, ƙwararre ne kai ko mai zagi?

Ɗan Tawada: Barista kin ɗaure ni. Amma ina ce kundin tsarin mulkinsu ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin baki?

Barista: Ya ba da, ƙanena, kuma da ƙarfinsa. Gyaran farko na kundin, wanda ya fara aiki a 1791, shi ne garkuwar. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar mujallar Hustler da mai wa'azin nan Jerry Falwell. Mujallar ta yi masa wata ba'a mai muni ƙwarai, irin wadda ba zan iya maimaitawa a zauren nan ba. Ya kai ƙara ya ce an jefa shi cikin ƙuncin rai, kotun ƙasa ta ba shi diyya. Kotun Ƙoli ta soke, kuma ba alƙali ɗaya da ya saɓa. Suka ce sanannen mutum ba zai karɓi diyya don an yi masa ba'ar da kowane mai hankali ya san ba labarin gaskiya ba ce. Alƙalin alƙalai William Rehnquist ne ya rubuta hukuncin, har ya kawo tarihin masu katun na siyasa a ciki.

Sai dai wannan garkuwa hannun gwamnati take riƙewa. Ba ta tilasta wa kamfani ya ɗora kayanka a kantinsa. Shugaban ƙasa ba zai iya ɗaure Fiore ba, amma wani ma'aikaci da bai taɓa gani ba ya iya rufe masa ƙofa da saƙo ɗaya.

Ɗan Kallo: Wato an gudu ba a tsira ba.

Yaya Mai Linzami: Ku dakata da maganar doka, ni bari in yi wa ƙanena maganar aikin kansa, don na ga kowa na magana kamar bidiyon daga sama yake faɗowa. Shekara shida ke nan ina wannan sana'a, ko da yake rabin abincina daga tallace-tallace da bidiyon koyarwa yake fitowa, ba daga ba'a ba.

Ɗan Tawada, a fim na katun daƙiƙa ɗaya hotuna 24 ce. Yawancinmu muna zana 12, kowane zane ya tsaya sau biyu. Yi lissafi: bidiyo mai minti ɗaya da rabi, daƙiƙa 90 ke nan, zane 1,080. Abin da Flash ya kawo shi ne sauƙin wannan. Ka zana hannu sau ɗaya, ka ce wa kwamfuta a nan yake farawa a can yake ƙarewa, ita ta cike tsakani. Ka zana kai ɗaya ka riƙa canja masa baki da gira. Shi ya sa mutum ɗaya a ɗakinsa ya iya yin abin da a da sai an tara mutum ashirin. Ga shi kuma fayil ɗin ba nauyi, don layuka ne na lissafi ba hotuna ba, yana buɗewa ko a intanet ɗin waya mai tafiyar hawainiya irin ta 2001, shekara huɗu kafin a haifi YouTube.

Amma sauƙi ba ya nufin ba wahala. Ɗauki baki kawai. Sai ka fara ɗaukar murya, ka ɗora ta a layin lokaci, sannan ka riƙa jan ta a hankali kana saurare, gaba baya, gaba baya, har muryar ta koma kamar kukan ƙofa. A ce ɗan siyasarka zai ce "mulki". Leɓe a rufe, wannan m ce. Sai su tattare su yi zobe, u. Harshe ya taɓa sama, l. Sai bakin ya baje, ki. Baki huɗu a kalma ɗaya da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. In ka makara da zane biyu wajen rufe leɓen, mai kallo ba zai san me ya faru ba, amma zai ji a jikinsa cewa wani abu bai zauna ba, sai dariyar ta mutu. Na taɓa kwana a kan jimla uku.

Ɗan Tawada: Yaya, jimla uku?

Yaya Mai Linzami: Uku. Kuma ba wannan ne ke kashe mutum ba. Abin da ke kashewa shi ne ba'a kayan gwari ce, ba ta kwana. Akwai lokacin da wani babban jami'i ya yi wata katoɓara, kowa na maganarta. Na ce abin nema ya samu. Na rubuta, na ɗauki murya, na zana, na gyara, kwana tara cif. Ranar da na ɗora, an riga an shiga wata sabuwar rigima, har wani ya tambaye ni a ƙasan bidiyon wai wa nake nufi. Mai katun na takarda yana karanta labari da safe ya miƙa zane da la'asar. Mai rubutun barkwanci minti biyu ya ishe shi. Kai kuwa kana ɗauke da sana'a mafi nawa a duniya kana tsere da abu mafi gudu. Abin da ya sa nake cire wa Fiore hula ke nan, ba Pulitzer ba. Mako bayan mako, shekara da shekaru, ya karanta, ya rubuta, ya nemo muryoyi, ya zana, ya miƙa kafin labarin ya yi tsami.

Tsohon Edita: Kuma in kin lura, ya yi wa wannan matsalar magani. Ya ƙirƙiri 'yan wasansa na dindindin. Akwai wani ɗan beyar mai fara'a, Snuggly, wanda ke lallashin Amurkawa da muryar yara cewa sauraren wayoyinsu da gwamnati ke yi don alherinsu ne. Akwai Dogboy da Mr. Dan. In kana da irin waɗannan a ajiye, ba sai ka zana sabo duk mako ba, sabon labari kawai za ka sa musu a baki.

Yaya Mai Linzami: Haka ne Baba. Rowar zane ita ce rabin sana'ar.

Sarkin Musu: Duk na ji. Amma ni tambayata daban ce, kuma na san za ku ce na zo da halina. Wannan wahalar duka, me ta taɓa canjawa? Fiore ya yi shekaru yana ragargazar George W. Bush a kan yaƙin Iraƙi. A 2004 Bush ya sake cin zaɓe. Wa ke kallon katun ɗin? Wanda dama ya tsani Bush. Ya yi dariya, ya tura wa abokinsa wanda shi ma ya tsani Bush. Ɗan ɗaya ɓangaren kuwa in ya gani sai ya ƙara ƙeƙashewa. Wa'azi ne a cikin waɗanda suka riga suka tuba.

Tsohon Edita: Malam, ka manta da Thomas Nast? A 1871 ya sa William Tweed, uban gidan 'yan siyasar New York masu wawure kuɗin birni, a gaba a mujallar Harper's Weekly. Ana danganta wa Tweed cewa rubutun jarida bai dame shi ba tunda yawancin masu zaɓensa ba sa karatu, hotunan ne ke cin ransa. Aka ɗaure shi, ya tsere daga gidan yari, aka kama shi a Sifaniya a 1876, kuma da zanen Nast aka gane fuskarsa.

Sarkin Musu: Yallaɓai, da girmanka, ka ba da rabin labari. A Yulin 1871 jaridar New York Times ce ta buga takardun asusun birnin, alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, aka ga inda kuɗi suka bi. Wannan ne ya kai Tweed kotu. Nast ganga ya kaɗa, ba shi ya yi farautar ba. Kuma in sai mun koma shekara 150 baya kafin mu samo misali ɗaya, ai maganata ta tsaya.

Tsohon Edita: Farautar da ba ganga, mutum nawa ke fita?

Malama Uwar Biyu: Ni malamar makaranta ce, ba mai zane ba, amma ku bar ni in sa baki. Sarkin Musu, awon da kake yi ne ban yarda da shi ba. Wa ya ce aikin katun shi ne kayar da gwamnati? Kwamitin Pulitzer da suka ba Fiore lambar, cikin abin da suka yaba har da zurfin bincikensa da iya tace magana mai sarƙaƙiya. Mutum ba zai karanta shafi talatin a kan yadda kamfanonin katin bashi ke tatsar talaka ba, amma zai kalli minti biyu. Ko bai canja jam'iyya ba, ya tashi ya san abin da bai sani ba. A aji ma haka ne, abin da aka yi dariya a kansa shi yara ke riƙewa.

Sarkin Musu: Malama, ya san abin da mai zanen yake so ya sani. Minti biyu ba ta ɗaukar ɓangare biyu.

Malama Uwar Biyu: Ai bai ce labarai yake karantawa ba. Ra'ayi ne, kuma da sunansa a ƙasa.

Sarkin Musu: To ga misali. A Nuwamba 2009 shafin NPR ya ɗora wani katun nasa da ke yi wa 'yan ƙungiyar Tea Party shaƙiyanci, masu adawa da dokar inshorar lafiya ta Obama. Ya nuna su kamar mutanen da ba su iya komai ba sai ihun "ɗan gurguzu" da "ɗan Nazi". Kusan wata biyu ba wanda ya kula. A Janairu 2010 masu ra'ayin riƙau suka gano shi, gari ya kama wuta, mai gabatar da shiri Bill O'Reilly ya ɗauka a tashar Fox News. Ita kanta jami'ar da NPR ta ajiye don sauraren koken jama'a ta soki katun ɗin, duk da cewa ba a sauke shi ba. Ku faɗa min, a cikin waɗanda aka yi wa wannan ba'ar, mutum nawa suka ce kai, mutumin nan ya yi gaskiya, bari mu gyara?

Barista: Ka manta ka ƙara da cewa a kan wannan katun ɗin har barazanar kisa aka yi masa.

Sarkin Musu: Ban goyi bayan wannan ba, kada a sa min magana a baki. Amma tsuntsun da ya ja ruwa...

Yaya Mai Linzami: A'a Malam, kada ka ƙarasa. Mutum ya yi zane, wani ya ce zai kashe shi, sannan a ce shi ya ja? Wannan maganar ba ta yi ba.

Sarkin Musu: Yaya, ina nufin ya san zafi zai biyo baya, ba wai ya cancanci barazana ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a sassauta. Sarkin Musu ya fayyace nufinsa, a wuce wurin. A koma kan tambayar Ɗan Tawada.

Tsohon Edita: Kafin a wuce, adalci ɗaya. Fiore bai tsaya kan 'yan Republican ba. Da Obama ya hau, ya taɓa shi a kan jirage marasa matuƙa da ke kashe mutane, da gidan yarin Guantanamo da ya yi alkawarin rufewa bai rufe ba, da leƙen asirin jama'a. Yana da ɓangare, ba mai musu, amma ba ɗan koren jam'iyya ba ne. A wurina nan ake gane mai ba'a na gaske da maroƙi. Maroƙi yana zambo ne har sai an ba shi, da an ba shi ya koma kirari.

Ɗan Tawada: Na ji duka. Amma Baba, ita jaridar da kake karewa fa? A 2018 Pittsburgh Post-Gazette ta kori Rob Rogers bayan shekara 25, bayan an yi ta ƙin buga zanensa na Trump. A 2019 New York Times ta daina buga katun na siyasa a bugunta na ƙasashen waje. A Yulin 2023 kamfanin jaridu na McClatchy ya sallami masu zane uku a lokaci ɗaya, ukun duka masu Pulitzer. A Janairu 2025 Ann Telnaes ta ajiye aiki a Washington Post saboda an ƙi buga zanenta da ya nuna mai jaridar, Jeff Bezos, da wasu attajirai sun durƙusa gaban gunkin Trump da buhunan kuɗi. Ashe Fiore hangen nesa ya yi da ya fita tun 2001.

Ɗan Kallo: Yaro ya yi karatu cikin dare.

Tsohon Edita: Ya yi kam, kuma ba abin da zan musa a ciki. Gidan da na yi rayuwata a cikinsa yana rushewa, na fi kowa sani. Ba jarida nake karewa ba. Ga abin da nake so ka gani. Da aka ƙi zanen Telnaes, ta san wanda ya ƙi. Editan shafin ra'ayi na lokacin ne, David Shipley, ya fito ya ba da nasa dalilin, ya ce maimaici ne don sun riga sun buga sharhi a kan batun. Ka yarda ko kada ka yarda, akwai mutum mai suna da fuska da za a yi musu da shi. Ta ajiye aiki, ta bayyana dalili, a watan Mayu aka ba ta Pulitzer ta biyu. Ni ma a zamanina na sha ƙin zane. Mai zanen zai shigo ya tsaya min a ka, ya buga tebur, wani lokaci in janye, wani lokaci shi ya janye. Yau in dandali ya danne bidiyonka, teburin wa za ka buga?

Yaya Mai Linzami: Na kowa, Baba. Wani dandali, ba zan faɗi suna ba, ya taɓa cire talla daga wani bidiyo nawa. Ba a gaya min wace kalma ko wane zane ba. Na ɗaukaka ƙara, amsa ta dawo cikin minti kaɗan, ka san ba ɗan'adam ne ya kalla ba. Na sake rubutawa, aka sake turo min wannan amsar dai, har waƙafi bai canja ba. Kwana biyun farko su ne kasuwar bidiyon ba'a. Ko an mayar maka da talla a rana ta biyar, an riga an tashi daga kasuwa.

Injiniya Shiru-Shiru: Tun ɗazu nake karatu. Abu biyu zan ƙara.

Na farko, lissafin dandali ba ya son mai zane. A 2012 YouTube ya koma fifita yawan mintunan da mutane suka ɓata suna kallo, maimakon yawan dannawa. Mai wasan gem zai zauna ya ɗauki awa ɗaya yau, ya sake gobe. Mai katun zai yi mako biyu ya fito da minti biyu. A 2018 kuma aka ce sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu kafin a fara raba kuɗin talla da kai. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In bidiyonka minti biyu ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 120,000. Shi ya sa da yawa suka koma neman tallafin masu kallo kai tsaye a wurare irin su Patreon, wanda aka buɗe a 2013.

Na biyu ya fi ba ni tausayi. A wannan Afrilu na 2010 da Apple ya buɗe wa Fiore ƙofa, a ƙarshen watan Steve Jobs ya fitar da doguwar wasiƙa yana bayyana dalilin da ya sa Flash ba zai taɓa shiga iPhone da iPad ba. Wato an karɓi mai zane, an yanke wa alƙalaminsa hukunci. Ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe, kamfanin da ke da Flash, ya daina kula da Flash Player, manhajar da ke kunna irin waɗannan katun, gaba ɗaya. Dubban katun na shekarun 2000 suka koma farin fili a shafuka. Wanda aka mayar bidiyo ya tsira, wasu kuma Internet Archive, ma'adanar tsofaffin kayan intanet, na rayar da su da wata manhaja mai suna Ruffle. Zanen Nast na 1871 yana nan a takarda, ka buɗe ka gani. Na 2002 kuwa sai an yi masa dabara.

Malama Uwar Biyu: Ikon Allah. Wannan ban taɓa tunaninsa ba.

Sarkin Musu: Ku duba 'yan JibJab ma, Gregg da Evan Spiridellis, wa da ƙane. A 2004 katun ɗinsu na Bush da John Kerry ya zagaye Amurka, har gidajen talbijin suka ɗauka. Ina suka ƙare? Katunan gaisuwa na intanet da ake sa fuskar mutum yana rawa, sai shirin yara na StoryBots wanda Netflix ya saya a 2019. Su da suka fi kowa tashe a ba'ar siyasa, da suka tashi neman kuɗi na gaske sai suka bar siyasar.

Yaya Mai Linzami: Yau dai mun haɗu a magana ɗaya, Malam. A rubuta ranar.

Barista: Ƙari ɗaya, ƙanena, don kada ka ɗauki rigar wani ka sa. Duk kariyar da na lissafa ta Amurka ce, ba ta tsallaka iyaka. A Maleshiya an tuhumi mai zane Zunar da laifuka tara na tayar da fitina a 2015, waɗanda in an tara hukuncinsu zai kai shekara 43, sai a 2018 aka janye. A Iran an yanke wa Atena Farghadani sama da shekara 12 saboda ta zana 'yan majalisa da kawunan dabbobi, kafin a rage a sake ta a 2016. Duk inda kake zaune, ka san dokar ɓata suna da dokar laifukan intanet ta wurin kafin ka zana hancin kowa. Kuma ka bambance ba'a da ƙage. Ka zana mutum da ƙaton ciki, wannan ba'a ce. Ka sa masa a baki adadin kuɗin da ka ce ya sata ba ka da takarda, wannan wata magana ce.

Ɗan Tawada: To jama'a, jikina ya yi sanyi, amma ban fasa ba. Abin da na yanke: ba zan ajiye aiki ba tukuna. Zan gwada abin da Fiore ya yi, guda ɗaya duk mako, har mako goma sha biyu, da daddare da ƙarshen mako. In na kai, mu sake zama. Yaya, da wace manhaja zan fara?

Tsohon Edita: Madalla. Ba a sakin reshe a kama ganye. Kuma ka riƙa karanta labarin har ƙarshe kafin ka yi masa ba'a, ba kanun kawai ba.

Yaya Mai Linzami: Shi Flash na zane bai mutu ba, suna ya canja, tun 2016 ake kiransa Adobe Animate, amma na kuɗi ne. Fara da na kyauta: Krita, ko OpenToonz, ko Blender in kwamfutarka za ta ɗauka. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kada ka ƙare mako ukun farko kana sauke manhajoji. Ka fara ɗaukar murya kafin ka ja layi ko ɗaya, a ɗaki mai labule da katifa don kada ta yi amo. Mutane na yafe wa mummunan zane, ba sa yafe wa mummunar murya. 'Yan wasa biyu kacal, bango ɗaya, baki takwas ga kowanne. Kada na farkon ya wuce daƙiƙa arba'in.

Ɗan Tawada: Arba'in kawai? Rubutun da na yi ya kai minti uku.

Yaya Mai Linzami: Turo min shi ta akwati, zan nuna maka inda arba'in ɗin take a ciki.

Sarkin Musu: In ka rasa wanda za ka fara da shi, ga ni. Sai dai ka yi min hanci daidai.

Ɗan Kallo: Hancin ba matsala, bakin ne zai cinye masa zane dubu.